Sanyin da ake hasashe mako mai zuwa: mu shirya ko mu saurara?

Malamin Jogarafi (Zariya):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Masu alkama, masu kiwon kaji da iyayen ƙananan yara, ku ɗan matso kusa. Kwana biyun nan ina bibiyar taswirar iska, kuma akwai goshin iskar sanyi, wato layin da iska mai sanyi ke turo mai ɗumi a gabanta, da ya ratso Bahar Rum, yanzu yana kan Tunisiya, zai bi ta Libiya ya wuce Masar. Shi kansa ba zai iso mu ba. Abin da ya shafe mu shi ne iskar da ke biye da shi, mai sanyi ce kuma mai nauyi. In ta kwanta a hamadar Libiya matsin iska zai hau a can, daga nan sai ta nemi hanyar kudu, wato sai hunturu ya ƙara ƙarfi a wajenmu.

A lissafina, in Allah Ya so, Bilma da Agadas za su fara ji wajen Talata. Maiduguri, Nguru da Damagaram Laraba zuwa Alhamis, sai Kano da Katsina da Sakkwato su biyo baya. Sanyin asuba zai iya sauka da kamar digiri 4 zuwa 6 daga yadda yake yanzu, kuma da alamar hazo. Ba muku-mukun Janairu nake nufi ba, farkon Nuwamba muke, sallamar shigowa ce kawai sanyin zai yi. Kuma ni ba ma'aikacin NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ba ne, in sun fitar da sanarwa tasu ce a gaba.

Mai Gwanjo (Ƙofar Wambai):
Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, ni duk wannan Tunisiya da Libiya ba su dame ni ba. Dila uku ta suwaita da jaket ke jibge a shago. In kwance ko in bari? Don in na kwance rana ta ci gaba da ƙwallewa, kaya za su sha ƙura a banza.

Malamin Jogarafi (Zariya):
Alhaji kwance ɗaya, ta yara. Sauran biyun su jira Disamba.

Baban Walid:
Kowace shekara haka ake yi mana. Bara wata manhaja a wayata ta nuna hadari har da walƙiya ranar ɗaurin auren ƙanwata, muka kashe kuɗi muka kama rumfuna, ko ɗigo ba a yi ba. Tun daga nan na goge ta. Wanda ya kasa faɗin ruwan gobe shi ne zai faɗi sanyin mako mai zuwa?

Malamin Jogarafi (Zariya):
Baban Walid, haushinka yana kan hanya, amma ruwan damina da wannan ba ɗaya ba ne. Hadarin ƙasarmu yakan haɗu cikin awa biyu ko uku, ya zuba a unguwa ɗaya ya bar ta kusa da ita. Kwamfutocin hasashe har yau suna shan wahala da shi, musamman a Afirka ta Yamma. Shi kuwa matsin iskar da nake magana a kai faɗinsa ya fi Najeriya, tafiyarsa a hankali take, tauraron ɗan'adam yana kallonsa dare da rana. Irin wannan kwana 5 kafin ya zo ana ganinsa sarai. Inda ake samun kuskure shi ne a ranar isowa da kuma yawan digirin.

Ɗalibi a Oklahoma:
Malam barka da ƙoƙari. Ni dai ina da ja kaɗan. Kada mutane su ji an ce goshin sanyi su zaci abin da muke gani a nan ne. A nan Amurka in ya zo a kaka, tsaye kake za ka ji shi. Da azahar iska na busowa daga kudu, da ɗumi, kana cikin riga mai gajeren hannu. Can sai ka hango baƙin gajimare ya ja layi a arewa, iska ta tsaya cak, sai ta juyo daga arewa da ƙarfi. Kafin ka taka daga aji zuwa masauki yatsunka sun fara ƙagewa. Dalili shi ne babu wani dutse da ya gitta tsakanin Kanada da Tekun Meziko, duwatsun Rocky a tsaye suke daga arewa zuwa kudu, don haka iskar ƙanƙara gangarowa take ba mai tare ta.

Akwai ranar da har yau ake ba da labarinta a nan, 11 ga Nuwamba 1911. A birnin Oklahoma da rana zafi ya kai digiri 28 a ma'aunin Salshiyas, kafin tsakar dare ya koma 8 ƙasa da sifili. A rana ɗaya aka kafa tarihin zafi da na sanyi na wannan kwanan wata. Kwanan baya ma, a Satumban 2020, Denver ta wuni sama da digiri 30 ranar 7 ga wata, washegari dusar ƙanƙara ta sauka. To Kano ba ta taɓa ganin irin wannan ba.

Malamin Jogarafi (Zariya):
Ai bakinmu ɗaya ƙanena, koma ka duba, na ce shi kansa ba zai iso ba. Iskar da ta taso daga Turai sai ta ratsa teku, sannan ta ratsa kusan kilomita 2,000 na rairayi da rana ke gasawa. Kafin ta zo mana ta yi ɗumi, kaifin layin nan ya dushe. Abin da ya rage mata shi ne bushewa da ƙarfi. Inda take isa da sanyinta shi ne arewacin hamada, shi ya sa garin Ain Sefra na Aljeriya ya ga dusar ƙanƙara a kan rairayi a Disamban 2016 da Janairun 2018.

Amma kada ka raina abin da take yi mana daga nesa. A farkon Maris na 2004 irin wannan iskar ta kutso hamada, ta tayar da bangon ƙura da ya miƙe dubban kilomita, hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna shi yana gangarowa har Afirka ta Yamma.

Hajiya Maman Iman:
To Malam ni nan ne ban gane ba. In iskar ta riga ta yi ɗumi a hanya, sanyin daga ina yake fitowa?

Malamin Jogarafi (Zariya):
Madalla da wannan tambaya Hajiya, ita ce gundarin maganar. Yawancin sanyin asubarmu a nan ake haifarsa, ba kawo shi ake yi ba. Da rana ƙasa tana shan zafi, da dare tana sakinsa sama. In akwai laima a iska, laimar tana tare wani kaso na zafin ta mayar da shi ƙasa, shi ya sa daren Satumba yake da gumi. In busasshiyar iska ta zo ta share laimar, babu abin da zai tare, sai zafin ya yi ta tsiyayewa tun magariba har fitowar rana. Ga shi dare ya fara tsawo. Shi ya sa sanyi ya fi cizo daidai lokacin da ake fitowa daga sallar asuba, ba tsakar dare ba.

Akwai iyaka tsakanin iskar teku mai laima da iskar hamada. A watan Agusta iyakar tana can arewa da Agadas, a Oktoba take komowa kudu ta wuce mu, zuwa Janairu tana dab da bakin teku. Yanzu haka ta wuce Kano da Zariya, amma akwai ragowar danshi a ƙasa da ciyawa. Wannan iskar mai zuwa ita za ta kwashe ragowar. Ki lura da gilashin mota ko ganyen da ke tsakar gida da sassafe. Ranar da kika ga raɓa ta ɗauke, leɓe ya fara tsagewa, to an shiga.

Ɗan Agadas:
Salamu alaikum. Malam gaskiya ka faɗa, amma bari mu mutanen hamada mu ƙara wani abu. Ranar da iska ke busawa da ƙura ba ita ce ranar sanyi mai tsanani ba. Jiki yana jin ɗari saboda iskar na dukansa, amma daren da ya fi kowane shi ne bayan iska ta kwanta, sama ta washe, taurari sun fito tar. Masu ayarin gishiri da ke zuwa Fashi da Bilma a wannan lokaci sun san haka, daren da ba iska shi ne suke ƙara itace a wuta. A cikin duwatsun Ayar kuwa, in sanyi ya kai tsakiya, akan wayi gari ruwan da aka bari a waje ya yi ƙanƙara a sama.

Baban Walid:
To kun gani. Malam ya ce hazo da sanyi tare za su zo, na Agadas ya ce ba tare suke ba. Wa za mu bi?

Malamin Jogarafi (Zariya):
Ku bi mu duka, don ba mu saɓa ba. Ƙura mai kauri tana tare hasken rana, sai wuni ya yi sanyi, ka ga azahar ta yi mutane ba su cire rigar sanyi ba. Da dare kuma ƙurar da iskar suna ɗan rage saurin hucewar ƙasa, don iska tana gauraya ta sama mai ɗumi da ta ƙasa. Saboda haka kwana biyun farko rana ce za ta yi sauƙi. Asuba mafi sanyi sai bayan iskar ta lafa, wataƙila Asabar ko Lahadi. Ɗan'uwana na Agadas ya cike abin da na taƙaita ne.

Direban Tirela (hanyar Maiduguri):
Ni hazon ne damuwata. Malam me ya sa kullum ta wajen Borno da Yobe yake fara shigowa? In na taso daga Maiduguri da safe wani lokaci fitila a kunne nake tafiya har Potiskum, in iso Kano in tarar garau, sai washegari ya same ni a can.

Malamin Jogarafi (Zariya):
Direba ai kana tsere da shi ne, kuma ka fi shi gudu. Mafi yawan ƙurar daga arewacin Chadi take, wani kwari da ake kira Bodele, kusa da Faya-Largeau. Dubban shekaru da suka wuce wurin ƙasan wani babban tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Da ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Shi ya sa ƙurar hunturu take fari-fari a kan mota, ba ja irin ta hanyar ƙauye ba. Ga duwatsun Tibesti ta arewa, ga na Ennedi ta gabas, iskar da ta taso daga Libiya dole ta matse ta bi tsakaninsu, kamar yadda iska ke ƙara ƙarfi a lungu tsakanin gidaje biyu. Tana fitowa sai ta faɗa kan wannan farar ƙasa. Masana suna lissafa Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, har wani kaso nata yana tsallaka Tekun Atlantika zuwa dajin Amazon.

Daga can zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, ƙurar takan yi kwana ɗaya zuwa biyu a hanya. Wannan shi ne sauƙin hasashenta. In aka ga ta tashi a hoton tauraron ɗan'adam yau, an san gobe ko jibi tana Borno. Kuma ka lura da hantsi, wajen ƙarfe 9 zuwa 10, lokacin ne iskar ke saukowa ƙasa da ƙarfi. Da dare a sama take gudu, sai rana ta ɗumama ƙasa take gangarowa.

Abu Sumayya:
'Yan'uwa a yi hattara. Cewa ranar kaza za a yi kaza, wannan ba kutse ba ne cikin ilimin gaibu? Sanin gobe sai Allah. Ina jin tsoron kada mu saba da dogaro da waya mu manta da Mai iskar.

Liman na Unguwa:
Malam Abu Sumayya, Allah Ya saka da alheri da wannan tunatarwa, tsoron yana da kyau. Sai dai malamai sun bambance. Hadisin Zaidu ɗan Khalid da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda aka yi ruwa da dare a Hudaibiyya, abin da ya zarga shi ne mutum ya jingina saukar ruwa ga tauraro, ya ce tauraro kaza ne ya ba mu. Amma wanda ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce a kwashe shanya, ba wanda zai ce ya yi da'awar gaibu. Alama ya gani, bisa al'adar da Allah Ya gudanar. Malamin nan ya ce ga iska can a Libiya, an auna ta, tana tahowa, kuma ya ce in Allah Ya so. Bambancinsa da mai kwashe shanya shi ne na'ura ta ba shi ganin nesa. In da ya yanke ne ya ce dole sai an yi, da ni zan fara tsawata masa.

Abu Sumayya:
Na gamsu da rabin maganar, Allah gafarta Malam. Sauran rabin kuma ina nan a kan cewa a riƙa faɗin in sha Allahu da zuciya, ba da baki kawai ba.

Liman na Unguwa:
Wannan kam ba jayayya.

Baba Manomi (Kadawa):
Yarana ku bari tsoho ya sa baki, jikana ne ke rubuta mini. Mu da ba mu da taswira, da ido muke lissafi. In shamuwa ta tafi, gawo ya fara fitar da sabon ganye alhali sauran itatuwa suna zubarwa, Kaza da 'ya'yanta ta fara fitowa ta gabas bayan magariba, to mun san sanyi ya kusa. Malamanmu kuma suna da lissafin taurari 28, kowane kwana 13, Jabha ce kaɗai mai 14. Da shi iyayenmu suka yi noma. Yanzu tambayata ga Malamin Zariya ita ce: na gyara fangalina, iri yana hannu. In zuba alkama ranar da sanyin nan ya sauka, ko in dakata?

Malamin Jogarafi (Zariya):
Baba ranka ya daɗe, lissafinku daidai yake, in ka tara 27 sau 13 ka ƙara 14 za ka samu 365, wato shekarar rana ce cif. Shi ya sa yake faɗin lokaci ba ya kuskure. Abin da ba zai faɗa ba shi ne wane mako ne iskar za ta motsa a bana, don taurarin bana su ne na bara. Taswira kuma tana faɗin makon, amma ba ta ganin abin da ya wuce kwana 10. Maganar shuka kuwa akwai wanda ya fi ni a zauren nan.

Malamin Gona (Haɗejia):
Baba ina gaisuwa. Shawarata kada ka ɗaura shukarka a kan wannan sanyin na kwana uku ko huɗu. Irin wannan na farkon Nuwamba yakan zo ya koma, zafi ya ɗan dawo kafin na gaske ya zauna. Alkamar da ta tsiro ta tarar da ƙasa da ɗumi ba ta yin 'ya'ya sosai, sai ka ga karan ya tashi siriri. Lokacin da masu bincike suka fi ba da shawara, har da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri wadda alkama ke ƙarƙashinta, shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba.

Kuma ni a wurina jinkiri ya fi gaggawa haɗari. Alkama tana ɗaukar kusan wata uku. Wanda ya kai ƙarshen Disamba bai shuka ba, zafin Maris zai same ta tana cika ido, sai ƙwayar ta motse, buhu ya yi sauƙi a sikeli. Kowace shekara muna ganin wannan wurin waɗanda suka tsaya jiran taki ko jiran a cire shinkafa. Saboda haka Baba ka bar wannan ya wuce, ka yi ban ruwan farko, ka zuba iri a tsakiyar wata ko da ranar ba ka ji sanyi ba.

Baba Manomi (Kadawa):
To haka ma na yi niyya, so nake in ji ko masu boko sun zo da sabon abu. Allah Ya yi muku albarka. Iskar dai za ta yi mana amfani a masussuka, mata suna ta kukan ba iskar shiƙa.

Mai Kaji (Gusau):
Malam wayata tana nuna digiri 17 ranar Asabar, ta maƙwabcina tana nuna 14, gari ɗaya, unguwa ɗaya. 'Yan tsaki 500 zan karɓa ranar Alhamis. Wacce zan yarda da ita?

Ɗalibi a Oklahoma:
Bari in taya Malam wannan. Manhajojin waya ba su da ma'auni a Gusau. Lamba suke ɗaukowa daga manyan kwamfutoci, galibi ko na cibiyar Turai da ke Reading a Ingila, ko na Amurka da ake kira GFS, wanda ake sabuntawa sau 4 a rana. Kwamfutar tana yanka duniya gida-gida, kowane gida kilomita 9 ko fiye, ta ba shi lamba ɗaya. Ba ta san kejinka yana bakin fadama ko kan tudu ba. Kuma kafin ta yi lissafin gobe sai an ba ta yanayin yau, nan ne muke da rauni. Jihar Oklahoma kaɗai tana da tashoshin awo kusan 120, kowace ƙaramar hukuma da aƙalla ɗaya, suna aiko da bayani duk minti 5. Hukumar yanayi ta duniya kuwa ta daɗe tana cewa tashoshin Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba. Tsakanin Faya da Bilma da Agadas tashoshi nawa ne? Sai dai tauraron ɗan'adam ya cike.

Shi ya sa masu aikin ba sa dogara da lissafi ɗaya. Cibiyar Turai tana maimaita shi sau 50 da ɗoriya, kowane da ɗan canji a farkonsa. In duka suka nufi wuri ɗaya, a saki jiki. In suka watse, a yi shiru. Tun 1963 masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna cewa ɗan ƙaramin kuskure a farko yana girma har ya lalata hasashen, shi ya sa duk wanda ya ce maka ga yanayin ranar kaza nan da wata guda, labari yake ba ka.

Malamin Jogarafi (Zariya):
Kuma a wannan karon sun nufi wuri ɗaya, shi ya sa na yi magana. Mai Kaji, kada ka tsaya kan 17 ko 14, duka biyun cewa suke za a sauka. Ka shirya wa ƙaramar. Ka ƙara da cewa ma'aunin hukuma a inuwa yake, sama da ƙasa da kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Dab da ƙasa, inda tsakinka suke, ya fi haka sanyi, kuma iska mai sanyi gangarawa take ta taru a kwari. Cikin birni kuma siminti da kwalta suna riƙe zafi, shi ya sa mutumin Fagge zai ce ba a yi komai ba, na Kadawa yana rawar ɗari.

Malamin Gona (Haɗejia):
Tsaki a makon farko suna son wajen digiri 32 zuwa 35 a inda suke kwance. Sayi ƙaramin ma'auni ka rataye daidai tsayinsu, ya fi maka wayoyin nan biyu. Ka rufe ɓangaren arewa da gabas da buhu ko leda, ka bar kafa ta sama don hayaƙi. In ka ga sun cure wuri ɗaya suna hawa kan juna, wuta ta yi kaɗan, kuma a haka suke danne juna su mutu. Ƙarfe 3 zuwa 6 na asuba ne lokacin da gawayi ke cinyewa mai kaji yana barci.

Nas (Katsina):
Tunda an ambaci gawayi bari in shigo. Don Allah jama'a kada a shiga da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa da taga. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi, ciwon kai da jiri ne farkonsa, mai barci kuwa ba ya farkawa. Duk sanyi sai an kawo mana irin wannan, wani lokaci gida guda. A ɗumama ɗakin, a fitar da wutar, sannan a kwanta.

Masu yara 'yan sikila, wannan makon ne na ku. Sanyi da bushewar jiki suna tayar da ciwon, kuma yaro ba ya jin ƙishi a hunturu, sai an bi shi da ruwa. Wanka da ruwan ɗumi, da rana. Masu asma a duba abin shaƙa tun yanzu, kada sai dare ya yi a tarar ya ƙare. Jariri kuma in yana numfashi da sauri haƙarƙari na shiga ciki, ba mura ba ce, a taho asibiti.

Hajiya Maman Iman:
Allah Ya biya ki Anti Nas. Tawa mai sikilar tun jiya na fito mata da safa da hula. Makarantar allo ta asuba ce matsalar, zan roƙi malaminsu ta riƙa zuwa ta yamma.

Wani Ɗan Jos:
Ina karanta ku ina dariya. Digiri 14 ne ake wa wannan taron? Ku zo Jos a Disamba ku ga yadda ake alwala da ruwan zafi ana kuka.

Mai Gwanjo (Ƙofar Wambai):
Kai ɗan Jos rufa mana asiri, ku da kuke kan dutse. Mu 14 ɗin ma ciniki ce.

Malamin Jogarafi (Zariya):
Ba ƙarfin hali ba ne, tsayi ne. Jos tana sama da mita 1,200, Kano ba ta kai 500 ba, kuma duk hawan mita 1,000 ana rasa wajen digiri 6 da rabi. Mutanen Gembu a Mambila ma za su yi wa ɗan Jos irin wannan dariyar.

Baban Walid:
To tunda kun iya, ku faɗa mana gaba ɗaya. Bana an yi ruwa sosai, tsofaffi suna cewa shekarar ruwa ita ce shekarar sanyi. Za a yi mai tsanani ko kuwa?

Malamin Jogarafi (Zariya):
Wannan goshin guda ɗaya ba ya faɗin yadda Disamba da Janairu za su kasance. Tsananin sanyin shekara ya danganta da sau nawa irin wannan iskar za ta kutso hamada da kuma tsawon zamanta, abin da ake yanke shi a can Turai da Atlantika mako bayan mako. Masu hasashen zango, irin NiMet da cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET da ke Yamai, in sun yi magana cewa suke yiwuwar kaza ta fi yiwuwar kaza, ba sa ba da rana. Ni iyakata mako guda.

Baban Walid:
Shi ke nan, mun ji. Zan sa ido ranar Asabar. In na fito masallaci ban nemi hula ba, a zauren nan za ka same ni.

Malamin Jogarafi (Zariya):
Ina nan. Amma ka faɗi unguwar da kake tukuna, kada ka auna mini a tsakiyar Sabon Gari kusa da mai shayi.

Ɗan Agadas:
Yanzu na yi waya da wani ɗan'uwa direba da ya kwana Dirku, kusa da Bilma. Ya ce tun hantsi iska ta taso, sun ɗaure tanti a kan kaya sun dakata, ba a ganin motar da ke gaba. Nan Agadas dai har yanzu garau.

Malamin Jogarafi (Zariya):
To ta riga lissafina da kwana ɗaya ke nan. Direban Maiduguri, in kana da lodi ka taso gobe da wuri. Mai Kaji, tambayi masu kawo tsakin ko za su iso da rana, kada a sauke maka su da daddare.

Mai Kaji (Gusau):
Na kira su, sun ce motar daga Ibadan take tasowa, sai yadda hanya ta yi. Zan kunna wuta tun Laraba da yamma ɗakin ya ɗauki ɗumi. Malamin Gona, ma'aunin nan a shagon magani ake samu ko wurin masu abincin kaji?

Malamin Gona (Haɗejia):
Wurin masu abincin kaji. Ka ce na ɗaki kake so, ba na jikin mutum ba.